Falle Uku na Damina

Bodinga,
Alhamis, 26 ga Agusta, 2021, daidai da 17 ga Muharram, 1443.
Ƙarfe goma da minti arba'in na safe.

Zuwa ga Yaya Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Aishatu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku daga cututtukan zamani, ya sa albarka a aikinka can Legas. A ofis nake rubutawa, a kan teburin Baba. Na kulle ƙofa ta ciki, na bar taga ɗaya a buɗe saboda babu wuta tun ranar Talata. Da biro nake yi, in na gama zan ɗauki hoton kowane shafi in turo maka. Na zaɓi haka ne domin a waya kai ke magana ni ina cewa to, kuma yau ba na son in ce to kafin in kai ƙarshen zancena.

Mutanen gida muna nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Ciwon amai da gudawar nan ya shiga gidaje biyu a layinmu, amma bai shigo mana ba. Inna ta ɗauki tafasa ruwa kamar farilla, ba mai shan ko kurɓi ɗaya sai ta taɓa tulun da hannunta, har ta hana a sayo fura a waje, abin da Baba ya fi yin ƙorafi a kai ke nan a fili. Idonsa na hagu yanar ido ta rufe shi gaba ɗaya, na dama yana ganin inuwar mutum amma ba ya rabe fuska sai an yi magana. Likita ya ba mu ranar 14 ga Satumba domin yin aikin. Zan dawo kan wannan rana a ƙasa, domin yanzu babu ita. Ofis kuwa ka san yadda yake da damina ko babu annoba. Cikin mutum goma sha huɗu da muke riƙe wa littafin lissafin kuɗi, uku kaɗai suka biya kuɗin watan Yuli. Na ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa saboda baƙi, amma sabulun da na sa ranar ɗaya ga wata har yanzu rubutun da ke jikinsa bai goge ba.

Ga dalilin takardar. Jibi Asabar, bayan azahar, ƙungiyar manoman albasa ta Mandera za ta zauna, kuma za su karɓe littattafansu daga hannun Baba a gaban jama'a, bisa laifin da ba shi ya aikata ba. Ka san wani yanki na labarin, amma a gutsure ka ji shi, kana tsakanin taro da taro. Zan jera maka shi da kwanakinsa, domin na duba littafin ofis da jerin kiran da ke cikin wayata kafin in zauna, ba na son in ƙara ko in rage.

Ranar Laraba, 9 ga Yuni, wata biyu da Baba ya miƙa mini makullin ofis bayan na gama bautar ƙasa, ina gyaran durowar ƙasa na ci karo da wani ambulan mai ruwan ƙasa an ɗaure shi da zare. A bayansa an rubuta "na damina" da hannun Baba. A ciki akwai fallen cek goma sha ɗaya na ƙungiyoyi huɗu, kowanne an sa masa hannu biyu, amma babu suna, babu adadin kuɗi, babu kwanan wata. Uku daga ciki na Mandera ne, da sa hannun shugabansu Alhaji Mode da na ma'ajinsu Hajjo. Shekara huɗu a jami'a ana koya mana cewa babu ɓarakar da ta fi wannan. Na kira ka ƙarfe huɗu da kwata, mun yi minti goma sha biyu. Ka yi dariya, ka ce a kamfaninku na binciken kuɗi wannan kaɗai ya isa a kori mutum a kuma kai shi kotu, ka ce aikin ƙauye ne irin na mutanen da. Ka ce in soke su nan take, kuma kada in gaya wa Baba, domin zai tsaya yi mini tarihi har magariba. Na ja wa kowanne layi biyu, na rubuta an soke, na rubuta lambobinsu a littafi, sannan na ɗauko almakashi na yanke wurin sa hannun. Ina tuna yadda na ji a ranar. Na ji kamar a karo na farko karatuna ya yi amfani a gidanmu.

Tarihin da ka ce kada in tsaya ji, na ji shi daga baya, kuma bai kai minti biyar ba. Duk shekara, idan an gama sayar da albasa kafin ruwan farko, Baba yakan zagaya ƙungiyoyin nan. A zauna a ƙofar masallaci, shugaba da ma'aji su sa hannu a falle biyu ko uku, liman ya ƙirga su da babbar murya, a yi Fatiha, Baba ya ɗaure ya taho da su. Dalili shi ne da damina hanya na yankewa, mutane na gona tun asuba, ciwo kuma a lokacin yake zuwa, ba a iya haɗa mutum biyu a kai su banki a rana ɗaya. Idan larura ta taso, saƙo ɗaya ya isa, Baba ya cike falle ya biya. Da kaka sai ya mayar da waɗanda ba a yi amfani da su ba, a sake ƙirgawa a gaban liman, a yayyaga su kowa na gani. Shekara goma sha tara ana haka a Mandera, ko falle ɗaya bai taɓa ɓata ba. Na bana ya karɓo su ne a farkon Afrilu, ina can ina neman takardar sallama, shi ya sa ban gani ba. Da na tambaye shi a ranar, ɗaki ɗaya ne tsakaninmu.

Ranar Laraba, 11 ga Agusta, aka fara kwasar masu amai da gudawa daga Mandera zuwa tantin da ma'aikatan lafiya suka kafa a Shagari. Ranar Juma'a, 13 ga wata, aka yi ruwa da tsawa, injin da ke tura ruwa a rijiyar burtsatsen ƙungiya ya ƙone. Ka san rijiyar nan, da kuɗin albasarsu suka haƙa ta, kuma ita kaɗai ce ruwa mai tsabta a unguwarsu. In babu ita sai tsohuwar rijiyar da ruwan sama ya riga ya malalo cikinta, ko tafki. A yammacin ranar aka ɗauki Alhaji Mode shi ma, bai san wanda ke kansa ba. Ranar Asabar da safe Garba mai gyaran famfo ya je ya duba, ya ce sai sabon inji, naira dubu ɗari uku da saba'in da biyu, aikinsa dubu ashirin da takwas, jimla dubu ɗari huɗu cif. A asusun ƙungiya akwai dubu ɗari shida da goma sha ɗaya da ɗari huɗu da hamsin. Kuɗin na nan, Yaya, har da ragi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar Hajjo ta kira ni. Muryarta ko rawa ba ta yi. Ta ce ɗiyar Malam, a ciro ɗaya cikin na damina a cike wa Garba, abin da aka aje su domin shi ke nan ya zo. Na tambaye ta wane na damina, sai ta yi 'yar dariya, ta ce ashe boko bai kai nan ba, in tambayi ubana. Kafin ta rufe baki na riga na gane. Na ce mata zan duba, wannan ita ce ƙaryar farko. Na zauna a kujerar nan har la'asar ina kallon durowa, sannan na je gida na sami Baba a zaure na gaya masa. Sai ya tambaye ni ko na rubuta lambobinsu kafin in yanke. Na ce na rubuta. Ya ce madalla, aiki ya yi tsabta. Sannan ya tambayi wa ya ba ni shawara, na ce babu kowa. Ya ce shi ya koya wa 'ya'yansa riƙon biro ɗaya bayan ɗaya, ya san hannun kowa ko a bakin almakashi ne. Bai ƙara wata kalma a kai ba har yau, kuma da ya zage ni da na fi samun barci.

Tsakanin Asabar da Lahadi na kira ka sau tara. Ka ɗauka ranar Lahadi ƙarfe biyar da rabi. Ka ce in kwantar da hankalina, abin da ƙa'ida ta ce na yi, kuma kowane banki na da hanyar da yake bi idan mai sa hannu ya kwanta ciwo, in je in yi musu magana da harshensu. Ka turo naira dubu ashirin, na gode, da ita na yi kuɗin mota duk satin. Ranar Litinin na isa banki a Sakkwato kafin a buɗe ƙofa. Ma'aikacin da na samu ba mugu ba ne, har kujera ya ba ni. Ya ce sai ƙungiya ta yi taro ta zaɓi sabon mai sa hannu, a kawo takardar abin da aka zartar, da hotunansa, da katin shaidarsa, shi ma ya zo da kansa, sannan a tura sama a jira amsa, mako ɗaya zuwa biyu. Na ce masa mutanen da za su yi taron rabinsu na jinya rabi na haƙa kabari. Ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ƙa'ida domin kare kuɗinsu aka yi ta. Ban iya yi masa musu ba, domin muryata na ji a bakinsa. Da ni ce a bayan kantar nan, haka zan faɗa, wataƙila ma ba zan ba da kujera ba.

Ranar Talata na hau kabu-kabu daga bakin titi zuwa tantin Shagari da littafin cek a jaka. Ba zan kwatanta maka wurin ba, sai dai in ce an sa na taka ruwan magani kafin in shiga, kuma gadajen an huda su a tsakiya an sa bokiti a ƙasa. Alhaji Mode, mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai, na same shi idanu sun faɗa ciki, ana yi masa ƙarin ruwa a hannu biyu. Bai gane ni ba. Ranar Laraba na koma, ya farfaɗo, ya gane ni, har ya tambayi idon Baba. Da na miƙa masa biro sai ya dube ni, ya ce ina na damina. Na ce ana nema, ƙarya ta biyu ke nan. Na tallafe masa gwiwar hannu ya sa hannu, Hajjo ta riga ta sa nata. Ranar Alhamis, 19 ga wata, na kai banki. Sun ɗora sa hannunsa kusa da wanda ke cikin na'urarsu, suka ce bai yi kama ba. Gaskiyarsu ne, bai yi kama ba. Hannun da ya yi na watan Afrilu ba shi ne ya yi wannan ba, kuma na Afrilun yana cikin kwandon shara tun watan Yuni.

Za ka tambaya me ya hana a ranto. Na nema. A watan Agusta kuɗin manomi na cikin ƙasa, ya zama taki da iri. Na je wurin mutum biyar cikin waɗanda muke riƙe wa littafi. Mai makaranta ya nuna mini aljihunsa. Mai kantin magani, wanda ni da hannuna na rubuta cinikinsa na makon nan na ga ya ninka sau huɗu, kuma wata huɗu bai biya mu ba, ya ce duk kuɗinsa ya zuba a ledar ƙarin ruwa, sannan ya ba ni shawarar in riƙa wanke hannu. Amma ba su ne suka ci kwanakin ba, ni ce. Tun ranar Lahadi Baba ya ce a aika wa Bashar, makiyayin da ke riƙe masa shanu a Horo Birni, ya sayar da bijimai biyun da aka ware domin aikin ido. Na hana. Na ce masa gobe banki zai saki kuɗin, na yi magana da Yaya, akwai hanya. Litinin na ce gobe. Talata na ce gobe. Laraba na ce yanzu kam an sa hannu, gobe tabbas. Ba na son idonsa ya tafi a kan kuskurena, kuma in faɗi gaskiya, ina son in gyara abin da hanyar boko domin a ga hanyar tana aiki. Ranar Alhamis da na dawo hannu wofi bai ko saurare ni ba, ya sa Inna ta latsa masa lambar Bashar. An sayar da su ranar Juma'a a kan dubu ɗari huɗu da goma, farashin bayan layya, wanda ko Bashar sai da ya ce ya ji kunyar karɓa. Asabar Garba ya sayo inji. Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, ruwa ya zubo.

Na yi lissafin sau da yawa, kuma na yi ƙoƙarin yi wa kaina adalci. Ko da fallen na nan, ranar Asabar banki a rufe yake. Da Litinin za a ciri kuɗi a sayo inji, Talata 17 ga wata a sa shi. An sa shi 22. Bambancin kwana biyar ne, ba tara ba kamar yadda wasu ke faɗi. Mutum bakwai suka rasu a unguwar daga farkon ciwon zuwa yau. Uku sun kwanta kafin ranar 17, waɗannan ba su shiga lissafina. Huɗu sun kwanta bayanta. Ɗaya daga cikinsu Rashida ce, autar Hajjo, wadda ke rubuta wa uwarta alƙaluma saboda Hajjo ba ta karanta boko. Sa'ata ce. A watan Mayu sun zo ofis tare, ta ga tabarau a fuskata da na'urar lissafi a hannuna ta sa mini suna Malama Kalkuleta, ta ce in na gaji da auren lambobi in zo Mandera tana da ƙanen miji. Ta kwanta ranar 19, ranar da nake tsaye ana gwada sa hannu, ta rasu ranar 20 kafin a sauko daga masallacin Juma'a. Ta bar ɗiya 'yar wata bakwai. Na tambayi wata ma'aikaciyar lafiya ko za a iya sanin ranar da mutum ya sha cutar. Ta ce tsakanin ɗaukar cutar da bayyanarta daga sa'o'i kaɗan ne zuwa kwana biyar, kuma ba ta ruwa kaɗai ake ɗauka ba. Ta faɗa ne domin in ji sanyi. Ni kuwa abin da na ji shi ne kwana biyar.

Shekaranjiya Talata muka je ta'aziyya ni da Baba, ina riƙe da hannunsa. A ƙofar gidan Alhaji Mode, wanda aka sallamo ranar Litinin, maza sun kai talatin a kan tabarmi. Na tsaya daga gefen zaure inda mata ke wucewa, ina jin komai. Bayan addu'a wani dattijo ya ce, Malam Lirwanu, mun ji kai ka biya inji, Allah ya saka, amma ina na damina. Baba bai yi jinkiri ba. Ya ce shi ya ɓatar da su. Ya ce idonsa ya gaza, ya haɗa ambulan ɗin da tsofaffin takardu ya sa aka ƙone, laifinsa ne shi kaɗai, kuma kuɗin injin ba rance ba ne, kada a mayar masa. Sai dattijon ya ce, ba da faɗa ba, wanda ba ya ganin takarda bai kamata ya riƙe amanar mutane ba, kuma da ya faɗa musu tun Afrilu da sun san abin yi. Wani daga baya ya ce shekara goma sha tara suna ba makaho ajiyar allura. An tsawata masa, amma babu wanda ya ce ƙarya ya yi. Liman ya ce shi dai ba zai ƙara yin Fatiha a kan farar takarda ba. Baba ya sunkuyar da kai ya ce sun yi gaskiya. Jiya mutanen ƙungiyar Dandin Mahe suka aiko a shirya musu littattafansu, su ma za su zo karɓa.

Daga nan na wuce gidan Hajjo, na shiga wurinta. Tana zaune a kan tabarma da jaririyar a cinya, ana ba ta madarar gwangwani da cokali. Na durƙusa na yi gaisuwa, na kasa ɗaga kai. Ta kama hannuna ta ce an gaya mata irin zirga-zirgar da na yi, Sakkwato sau biyu, Shagari sau biyu, cikin ruwa, ɗiya mace ni kaɗai. Ta ce da tun farko ni ke riƙe da takardun nan da ba a yi haka ba, tsufa ne ya ci amanar Malam, Allah ya yafe masa, ita dai tana ƙoƙari. Sannan ta sa aka ɗebo ruwa a kwanon sha ta miƙo mini da hannunta, ta ce in sha, na sabon inji ne, wanga ba ya kashe kowa. Na sha, Yaya. Na shanye shi duka tana kallona tana sa mini albarka. Wannan ita ce ƙarya ta uku, kuma ko baki ban buɗe ba na yi ta.

A mota na ce wa Baba ba zan iya ci gaba da ɓoye gaskiyar ba. Ya ce ba shawarata ya nema ba. Ya ce shi ya gama cin kasuwarsa, ni ko rumfa ban kafa ba, kuma in mutanen nan suka karɓe littafi daga hannunsa, cikin shekara ɗaya za su kawo shi hannuna. Inna ta fi shi zafi. Ta ce ɗiya mace da ba ta yi aure ba, in aka ce ita ta jawo mutuwar mutum huɗu, wa zai tsaya ya ƙirga kwanaki, har jikokina sai an gaya musu. Ta ce in na buɗe baki na mayar da ubana maƙaryaci a gaban liman, na ƙara masa kunya a kan kunya. Jiya kuma saƙon muryarka ya shigo, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, na saurare shi sau shida. Ka ce tunda Baba ya yanke hukunci a bar shi a haka, shi ne babba. Ka ce har yanzu a ƙa'idar aiki ba mu yi kuskure ba. A ƙarshe ka ce ko me za a yi kada sunanka ya fito, saboda irin aikinku ba ya son surutu. Ban ji ka tambayi sunan ko mutum ɗaya cikin huɗun ba. Ban ji ka tambayi ranar 14 ga Satumba ba. Kai ka biya mini kuɗin jarrabawa tun daga sakandare, kai ka saya mini na'urar lissafin da ke gabana, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ga abin da na yanke. Gobe Juma'a da safe zan tafi Mandera ni kaɗai, da falle ukun da littafin da na rubuta lambobinsu da kwanan wata. Wurin Hajjo zan fara zuwa, domin bai kamata ta ji a bakin taro ba. Daga nan in je wurin Alhaji Mode da liman, in roƙe su su faɗa wa jama'a ranar Asabar kafin a taɓa littafi ko ɗaya. Zan gaya musu Baba bai yi ƙarya domin ya ci kuɗin kowa ba, ya yi ne domin ya rufa wa ɗiyarsa asiri, kuma na san a cikinsu babu uban da bai san wannan ba. In za su karɓe littattafan, su karɓe daga hannuna, ni ce na cancanta. Mutumin nan ya yi shekara ashirin da bakwai a ɗakin nan ba a taɓa bin sa kwabo ba, ba zan bari ya ƙare a matsayin makahon da ya ƙone amanar mutane ba. Kada ka damu, sunanka ba zai fito ba. Ba don saƙonka ba, sai don hannuna ne ya riƙe almakashin, kuma ɗakin Baba ya fi kusa da ni fiye da Legas. Abu ɗaya nake roƙo, ba kuɗi ba ne. Ka kira Baba da kanka ka gaya masa abin da ka ce mini ranar 9 ga Yuni. Ya riga ya sani. Jira yake ya ji daga bakinka, duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai ya tambayi Inna ko kai ne.

Ka gaishe mini da Anti Aishatu da kyau, ka ce mata Inna ta karɓi atamfar kuma ta gode. Ka shafa mini kan Jabiru da Ramla, ka ce wa Ramla ina ajiye da zanen rakumin da ta yi mini. Inna na gaishe ku, ba ta san ina rubuta wannan ba. Yaya Nana Fatima da maigidanta Mansur suna gaisuwa daga Sakkwato, su ma lafiya lau. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ɗauke mana wannan annoba.

An koya mana cewa idan an rufe lissafi, a rubuta a ƙasa abin da ba a iya tabbatarwa ba. Ga nawa:

Ban san ranar da Rashida ta sha ruwan da ya kashe ta ba, ko kafin 17 ga wata ne ko bayanta.

Ban san ko sauran ukun da sun rayu ba.

Ban san abin da zan yi da falle takwas na sauran ƙungiyoyi ukun ba, waɗanda har yanzu suke zaton nasu na nan, ga damina da sauran fiye da wata guda.

Ban san inda kuɗin aikin idon Baba zai fito ba, ko kuma likita zai ba mu wata rana kafin na daman ya rufe.

Ban san ko Baba zai yafe mini gaskiyar gobe kamar yadda ya yafe mini kuskuren Yuni ba.

Ban san ko za ka kira ba.

Ban san ko gobe, bayan na gama magana, Hajjo za ta sake miƙo mini ruwa ba.

Ƙanwarka,
Fiddausi Lirwanu